A Sakar wa Shugabannin Makarantu Hannu, Sannan a Tambaye Su Abin da Suka Yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi albarkacin bakina a kan yadda ake tafiyar da makarantunmu, musamman na karkara. Na lura duk lokacin da aka tashi maganar ilimi a Arewa, sai a tsaya a kan kasafin kuɗi da gine-gine da yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, a bar tambayar da ta fi damun waɗanda suka yi aikin da hannunsu, wato wane ne yake riƙe da makaranta, kuma me aka ba shi ikon yi a cikinta. Ni tsohon malamin firamare ne. Na fara shiga aji da alli a hannu a shekarar 1985, na yi ritaya a 2020, kuma shekaru goma sha huɗu na ƙarshe na yi su ne ina hedimasta a ƙauyuka uku na ƙasar Haɗejiya. Yanzu mutanen garinmu sun ɗora mini shugabancin kwamitin makarantar da ni kaina na koyi karatu a cikinta, saboda haka har gobe ban rabu da wannan al'amari ba.

Bari in fara da labarin kwano biyu. Wata shekara, iskar nan mai ƙarfi da take zuwa gabanin ruwa ya zauna ta ɗage kwano biyu daga rufin ajinmu na uku. Da safe na tarar da su a gonar da ke bayan makaranta, ɗaya ya lanƙwashe, ɗaya lafiyarsa ƙalau. Na kira kafintan gari ya hau ya duba, ya sauko ya ce mini aikin bai wuce na yini guda ba, abin da ake bukata kwano ɗaya ne sabo da ƙusa da katako biyu. Makaranta ba ta da ko sisin kwabo a hannunta, kuma an hana mu karɓar kuɗi daga hannun iyaye, hanin da nake goyon baya har yau, tun da doka ta ce ilimin nan kyauta ne. Sai na rubuta takarda, na hau babur na kai ta inda ake kai irinta. Aka karɓa, aka buga hatimi, aka ce za a tura ta gaba. Ruwa ya sauka, silin ya jiƙe ya fara ɓarewa, muka kwashe yaran muka gwama su da 'yan aji huɗu. Bayan kaka na sake rubutawa. Damina ta biyu ta ci katakon rufin, ta uku ta tsaga bango, awaki suka mai da ɗakin wurin kwana. A shekara ta huɗu sai ga mota da ɗan kwangilar da ban taɓa gani ba, ya ce an ba shi aikin gyara ginin gaba ɗaya. Ba a nuna mini takardar aikin ba, ban san nawa aka ware ba, ban san kaurin kwanon da aka ce ya sa ba, amma da ya gama, ni aka kawo wa takarda in sa hannu cewa aiki ya kammala yadda ake so.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari shi ne yaran. Shekara uku aji biyu suna cushe a ɗaki ɗaya, malami ɗaya yana koya wa rabinsu tarawa da ɗebewa, ɗaya rabin suna jiran ya juyo gare su, kuma daga cikinsu akwai waɗanda suka kai aji shida ba su iya karanta wasiƙar Hausa ba. Ginin an gyara shi da ninkin ba ninkin abin da kafinta ya nema, amma waɗannan shekaru uku babu ɗan kwangilar da zai dawo wa yaran da su.

Ba na zargin wanda ya karɓi takardata da mugunta, domin shi ma ba shi da ikon sayen ƙusa. Tsarin ne aka gina shi ta yadda duk shawara take nesa da inda matsalar take. Kundin tsarin mulki ya sa ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare, kuma daga kasonsu ake cire albashin malamai. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wadda aka fi sani da SUBEB, ita ke riƙe da mafi yawan al'amuran ɗaukar malamai da ƙarin girma da bayar da ayyukan gini. A sama kuma akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, wadda dokar shekarar 2004 ta ware wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma babban ɓangare na wannan kuɗi ba ya fita sai jiha ta ajiye nata kason daidai da shi, sannan akasarinsa a gini da kujeru yake ƙarewa. Ma'aikatar ilimi tana tsara lokacin buɗewa da rufewa. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yana tsakani, yana karɓar umarni daga sama da kuma matsin lamba daga 'yan siyasar gida. A can ƙarƙashin dukkan waɗannan ne hedimasta yake tsaye, shi ne kaɗai yake ganin yaran kullum, shi ne kuma wanda ba a ba shi ko ɗaya daga cikin waɗannan iko ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mu a nan mai ɗakin sai ya rubuta takarda ya jira wanda bai taɓa shiga ɗakin ba ya yarda cewa akwai yoyo.

Waɗanda suka yi zamani da ni za su tuna yadda aka riƙa jefa makarantun firamare daga wannan hannu zuwa wancan. A 1988 aka kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa, malamai suka ɗan numfasa. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka rushe ta aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, albashi ya zama abin jira da addu'a a sassa da yawa na ƙasar nan, har ta kai aka dawo da hukumar a 1993. Na kawo wannan tarihi ne saboda hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ina murna da duk abin da zai kawo mulki kusa da talaka, amma ina roƙon masu aiwatar da hukuncin su tabbata an killace albashin malaman firamare tun daga tushe, kada a maimaita abin da muka gani da idonmu. Sannan ya kamata a gane cewa ƙaramar hukuma ma nesa take da ƙauyen da ke bayan fadama. Idan ikon ya sauko daga babban birnin jiha ya tsaya a sakatariya, hedimasta bai ga wani canji ba.

Maganar malamai ta fi ta gini ciwo. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma idan mutum ya duba takardun ofis zai iya ganin kamar wasu makarantun karkara ba su yi nisa da hakan ba. To amma sunan da ke takarda daban, mutumin da ke tsaye gaban allo daban. A ɗaya daga cikin makarantun da na riƙe, an taɓa turo mini malamin lissafi bayan na shekara biyu ina roƙo. Ya zo ranar Litinin, ya sa hannu a littafin zuwa aiki, na zaga da shi ajujuwa, na kai shi wurin dagaci aka yi masa maraba, har aka nema masa ɗakin kwana a gidan wani bawan Allah. Bayan mako biyu na daina ganinsa. A bakin wani direba na ji cewa an mai da shi wata makaranta a bakin titi, kuma har na bar garin ban ga takardar canjin ba, sunansa kuwa ya daɗe yana cikin jerin malamanmu. Irin wannan ne ya sa za ka tarar makarantun cikin gari malamai sun yi yawa har wasu suna zaune gindin bishiya, ƙauye kuwa mutum biyu ko uku ke riƙe da aji shida. Wanda yake da uwa a gindin murhu ba ya kwana a ƙauye. Idan kuma malami ya ƙi zuwa aiki, iyakar abin da hedimasta zai iya shi ne ya ja jan layi a littafi ya rubuta rahoto, albashin mutumin kuwa zai shiga asusunsa ƙarshen wata kamar na wanda bai taɓa fashi ba. Malaman da suke zuwa kullum suna kallon haka, kuma a hankali gwiwarsu take sanyi. Wannan sanyin gwiwa na mutanen kirki shi ne babbar asarar da ba a rubuta ta a kowane rahoto.

Ba ina neman a ba hedimasta ikon korar ma'aikaci ba ne, domin hakan zai buɗe ƙofar zalunci. Abin da nake nema shi ne kada a ɗauke malami daga makaranta sai an sanar da shugabanta da kwamitinta a rubuce kuma an kawo madadinsa, kuma rahoton fashi da hedimasta da shugaban kwamiti suka sa wa hannu ya zama yana da tasiri a kan albashi cikin wata guda. Sannan a ɗauki malamai daga cikin 'ya'yan yankin, maza da mata, waɗanda suka gama kwalejin ilimi ta Gumel da makamantanta suna zaune a gida da takardar shaidar malanta ta NCE, a ɗauke su da sharaɗin cewa gurbin na wannan makarantar ne, wanda ya bar ta ya bar gurbin. Ɗan gari ba ya bukatar kuɗin mota, kuma yana jin kunyar iyayen yaran da zai haɗu da su a masallaci da wurin suna.

Amma kafin a ba mutum iko, sai a duba yadda aka zaɓe shi. A nan dole in faɗi gaskiya a kan 'yan'uwana. Akwai hedimastocin da ba su cancanci riƙe makulli ba, waɗanda suka samu kujerar don sun daɗe a aiki ko don wani babba ya yi musu magana, akwai kuma waɗanda su ne kan gaba wajen makara. Shugabancin makaranta sana'a ce da ake koya. Mu da muka bi ta kwalejojin horon malamai muka fito da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, an koya mana yadda ake riƙe rajista, da kundin shigar ɗalibai, da littafin da ake rubuta duk abin da ya faru a makaranta rana ta Allah, da yadda ake tsara jadawali, da yadda shugaba yake duba shirin darasin malami kafin ya shiga aji. Na tuna wani mai duba makarantu da ya zo mana a shekarata ta biyu. Bai tsaya a ofis ba. Ya shiga ajina ya zauna a benci na ƙarshe tare da yara har na gama darasi, sannan ya ɗauki littattafan yara biyar ya duba ko ina gyara musu aiki, ya kira yarinya ɗaya ya sa ta karanta layi uku. Bayan an tashi ya zaunar da ni ya nuna mini cewa ina tambayar yaran gaba ne kawai, na bayan sun zama 'yan kallo. Gyaran nan ya bi ni har ƙarshen aikina. A shekarun baya-bayan nan kuwa, sau da yawa mai duba makaranta ba shi da abin hawa balle kuɗin mai, idan ya samu zuwa ma sai ya ƙirga kawuna, ya sa hannu a littafin baƙi, ya juya kafin azahar. Ina ganin ya dace a ce babu wanda za a naɗa hedimasta ko shugaban sakandare sai ya zauna jarrabawa da ganawa, an ba shi horo na musamman, an kuma ba shi wa'adin shekaru huɗu da za a auna shi a kai, kuma ma'aunin ya zama abin da yara suka iya, wato yaro nawa ne a aji uku yake karanta Hausa ba tare da gargada ba, yarinya nawa ce ta shiga aji ɗaya ta kai aji shida.

Sai maganar kwamitin makaranta, wanda ake kira SBMC. Tun wajen shekarar 2006 aka amince a kafa shi a kowace makaranta, kuma shirin ESSPIN da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 a jihohi shida, ciki har da Kano da Jigawa, ya yi ƙoƙari wajen horar da irin waɗannan kwamitoci. Manufar ita ce mai gari da liman da iyaye maza da mata da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a su zauna tare da hedimasta su ɗauki makaranta a matsayin tasu. Inda aka yi abin da gaske, na ga amfaninsa. A wani zama da muka yi, muna ta kokawa a kan yadda 'yan mata suke raguwa daga aji biyar, kowa yana cewa talla ce, wani yana cewa aure ne. Wata dattijuwa da take wakiltar mata, wadda ba ta cika magana ba, sai ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, ba karatun suke gudu ba. Yarinya ta fara girma, ina za ta zaga a makarantar nan?" Muka yi shiru, domin makarantar ba ta da ban-ɗaki ko ɗaya, kuma mu maza mun shekara muna wucewa ta gaban matsalar ba mu gan ta ba. Cikin mako biyu samari suka haƙa rami, magina biyu suka ba da aikin yini kyauta, wani manomi ya sayar da buhun riɗi ya sayo siminti, mata suka haɗa kuɗin buta da sabulu. Ba a jira kowa ba, kuma 'yan matan da yawa sun dawo.

Sai dai a wurare da dama kwamitin suna ne kawai a takarda. Ana rubuta sunayen mutanen da ba su ma san an sa su ba, ko a cika shi da 'yan'uwan mai faɗa a ji, ba a tuna da shi sai an ji ƙishin-ƙishin tallafi na tafe. Inda yake da rai kuma, sai a bar shi da roƙo da bara, ba shi da hurumin tambayar ɗan kwangila takarda, ba shi da kujera a inda ake yanke shawara. An riga an gwada tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun makarantu a ƙarƙashin shirin NIPEP na tallafin ƙasashen waje da aka fara a 2015 a Jigawa da Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, kuma makarantu da dama sun gyara ajujuwa sun sayi kayan karatu da shi. Matsalar irin waɗannan shirye-shirye ita ce kuɗin baƙo ne, ranar da wa'adi ya cika sai a naɗe tabarma. Abin da ya kamata jihohinmu su yi shi ne su sa wannan a cikin kasafinsu na kowace shekara, ko da kaɗan ne, a lissafa shi bisa yawan yaran da suke zuwa da gaske, ya shiga asusun makaranta farkon kowane zango, don alli da rajista da ƙusa da gyaran famfo.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini a fuska: idan aka ba hedimastoci kuɗi za su cinye. Wasu za su yi ƙoƙarin haka, ba na musu. Amma ina ne ya fi sauƙin ɓoye sata, a ofishin da ke nesa inda babu wanda ya san adadin da aka fitar, ko a ƙauyen da kowa ya san kowa? Idan aka ce kuɗi ba ya fita sai da sa hannun hedimasta da shugaban kwamiti da wakiliyar mata, aka liƙa adadin da ya shigo da abin da aka saya a bangon makaranta da Hausa da ajami, aka kuma karanta shi a ƙofar fadar dagaci ƙarshen zango, to wanda ya ci zai sha wuyar haɗa ido da mutane. Haka nan duk aikin kwangila, a ba kwamiti kwafin takardarsa kafin a fara, kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai sun shaida. Mutanen ƙauye ba su yi karatun injiniya ba, amma sun san bulon da aka rage wa siminti tun daga yadda yake marmashewa a hannu.

Akwai kuma 'yancin daidaita lokaci da rayuwar wuri. Jadawalin da aka tsara a birni bai san ranar kasuwa ba, bai san lokacin yankan shinkafa ko tsinkar zoɓo ba, bai kuma san cewa a garuruwan da ke bakin kogin Haɗejiya ruwa yakan raba yara da makaranta makonni ba, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, lokacin da makarantu da yawa suka zama matsugunin waɗanda gidajensu suka rushe. Me zai hana a ba makaranta da kwamitinta damar tashi da wuri ranar kasuwa su rama sa'o'in a wata rana, ko su daidaita da malaman allo da na Islamiyya yadda yaro ba zai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba, muddin adadin sa'o'in karatu na shekara ya cika? Yanzu ma ana yin hakan a ɓoye, sai dai ana cika rajista da ƙarya don a rufe.

Wanda yake shakkar cewa tsarin shugabanci yana canza makaranta, ya dubi tarihinmu na gida. A 1977, lokacin Kano da Jigawa suna jiha ɗaya, aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka sa su ƙarƙashin hukuma tasu ta musamman wadda take da sararin neman malamanta da zaɓen ɗalibai ta hanyar jarrabawa. 'Ya'yan manoma ne da 'ya'yan talakawa suka cika su, irin yaran da ake cewa ba za su iya kimiyya ba, amma daga cikinsu aka sami ɗimbin likitoci da injiniyoyin da jihohin nan biyu suke taƙama da su a yau. Yaran ba su bambanta da na sauran makarantu ba. An dai san wanda yake da alhakin makarantar, an ba shi abin aiki, an kuma sa masa ido.

Ya Edita, ban yi aiki a jami'a ba, amma yaran da muka koyar can suke zuwa, kuma abin da nake gani shi ne ciwon iri ɗaya ne, girman jiki ne ya bambanta. Jigawa da ba ta da jami'a ko ɗaya a shekarunta ashirin na farko, yanzu tana da Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa tun 2013, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Ɓaɓura da aka kafa a 2021, ga kuma Jami'ar Bayero da ta Wudil a maƙwabta. Wannan alheri ne babba, domin ɗan talaka yana iya karatu kusa da gida, a aika masa da garin tuwo a motar kasuwa. A doka, kowace jami'a tana da majalisar gudanarwa da ke kula da kuɗi da ma'aikata, kuma a jami'o'in tarayya ita ke zaɓen shugaban jami'a na wa'adi ɗaya na shekara biyar. Amma a watan Yunin 2023 aka rushe majalisun jami'o'in tarayya, aka shafe kusan shekara guda kafin a naɗa sababbi, kuma a tsawon wannan lokaci al'amuran da suke hurumin majalisa sai an kai su Abuja. Haka rikicin tsarin biyan albashi na IPPIS ya kasance, inda shugaban jami'a ba ya iya ɗaukar malamin da sashe yake bukata sai ya nemi izinin wasu ofisoshi, har gwamnati ta amince a ƙarshen 2023 cewa a cire manyan makarantu daga cikinsa. Wannan rikici yana cikin abubuwan da suka haddasa yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, kuma mun ga samarin garuruwanmu sun dawo gida sun yi noman damina guda cur suna jiran a buɗe, wasu 'yan matan kuma ba su koma ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, da ake tarawa daga harajin ribar kamfanoni, ya gina ɗakunan karatu masu kyau ya kuma tura malamai ƙaro ilimi, amma ba ya biyan albashi ko kuɗin wutar lantarki, don haka ana iya samun sabon gini da babu kuɗin kula da shi, kamar dai ajinmu na uku.

A jami'o'in jiha kuwa, inda gwamna ne yake naɗa majalisa, roƙona shi ne a zaɓi mutanen da suka san ilimi da riƙon amana, a bar su su cika wa'adinsu ko da gwamnati ta canza, kada kujerar ta zama ladan wanda ya yi wahalar zaɓe. Su ma jami'o'in, idan suna neman a sakar musu mara, wajibi ne su buɗe littattafansu, su bayyana wa jama'a abin da suka tara daga kuɗin rajistar ɗalibai da yadda suka kashe shi, su fitar da sakamakon jarrabawa a kan lokaci, su kuma tsaya a kan cancanta wajen ɗaukar ma'aikata. Ina kuma fatan sassan koyar da ilimi na waɗannan jami'o'i da kwalejoji za su waiwayi makarantun da ke kewaye da su, su shirya wa hedimastoci da shugabannin sakandare gajerun kwasa-kwasai lokacin hutu, da harshen da suke aiki da shi, domin daga waɗannan ajujuwa ne ɗalibansu na gobe za su fito.

Daga ƙarshe ina da roƙo gare ku 'yan jarida. Kuna zuwa ranar buɗe sabon gini, lokacin da aka share fili aka jera yara da sababbin riguna. Ina so ku riƙa aiko wakilanku a ranar da ba a sanar da kowa ba, ranar Laraba da ƙarfe tara na safe, su nemi littafin sa hannun malamai su kwatanta shi da waɗanda ke cikin aji, su tambayi hedimasta yaushe rabon da kuɗin gudanarwa ya shigo hannunsa, su nemi ganin takardar zaman kwamiti na ƙarshe, sannan su ba yaro ɗan aji huɗu shafin wannan jarida ya karanta musu. Kwamitinmu yana zama ne Asabar ɗin farko ta kowane wata bayan sallar la'asar, a ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban ofishin hedimasta, kuma duk wakilin da kuka turo za mu shimfiɗa masa tabarma, mu buɗe masa littattafanmu ya duba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Tsohon hedimasta kuma shugaban kwamitin makaranta,
daga ƙasar Haɗejiya, Jihar Jigawa.